Kasafin ilimi ya ƙaru, amma wa zai gano haziƙin yaron Kura da Bunkure?

A watan Yunin 2024 ne Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Jihar Kano, sannan a kasafin kuɗin 2025 aka ware wa ɓangaren kashi 31 cikin ɗari. Tun daga lokacin ana ganin gyaran ajujuwa da rabon kujeru da kayan makaranta, an kuma ɗauki dubban malaman shirin BESDA aiki na dindindin. Wannan abin a yaba ne, musamman a jihar da gwamnanta ya faɗa da bakinsa cewa miliyoyin ɗalibai a ƙasa suke zama su ɗauki darasi. Sai dai akwai wasu yara da ba a cika jin zancensu ba idan ana rabon wannan kuɗi, wato yara masu baiwa ta musamman da ke makarantun firamare na karkara, da kuma ma'aikatan da ya kamata su gano su tun da wuri.

Kusan duk malamin da ya daɗe da alli a hannu ya san irin yaron da muke nufi. Shi ne wanda yake gama lissafin allo kafin malam ya juyo, yake karanta littafin yayansa na aji shida alhali yana aji uku, yake jefo tambayar da ba ta cikin manhaja. Akwai irinsa a Karfi da Ɗan Hassan da Gundutse, akwai a Barkum da Kumurya da Gurjiya, domin Allah bai keɓe basira ga 'ya'yan Nasarawa da Bompai ba. Inda aka bambanta shi ne, a birni mai hali yakan ɗauke ɗansa ya kai makarantar kuɗi, ko ya ɗauko masa malamin gida. Ɗan manomi kuwa ba shi da kowa sai makarantar gwamnati da ke garinsu.

A takarda, ƙasar nan ba ta manta da waɗannan yara ba. Manufar Ilimi ta Ƙasa, tun fitowarta ta farko a 1977, ta sanya masu baiwa cikin waɗanda ke buƙatar kulawa ta musamman, kamar yadda ta sanya makafi da kurame. Zamanin da Farfesa Jibril Aminu yake ministan ilimi aka fara shirin da ya haifar da makarantar haziƙai ta Suleja, wadda har yau hukumar NECO ke shirya jarrabawar shigarta ga 'yan aji shida. Maƙwabciyarmu Jigawa ta gina tata a Bamaina zamanin Gwamna Sule Lamido. Kano kuwa ta riga su duka, domin tun 1977 ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, a lokacin da jihar ke fama da ƙarancin likitoci da injiniyoyi 'yan asalinta. Duk wanda ya leƙa asibitoci da jami'o'in Arewa a yau zai tarar da 'ya'yan waɗannan makarantu.

To amma dukkan waɗannan makarantu suna karɓar yaro ne bayan ya riga ya tsallake firamare, wasu ma sai bayan ƙaramar sakandare. Suna jiran wanda ya iso bakin ƙofa da jarrabawarsa a hannu. Tambayar ita ce, wa zai rako shi zuwa ƙofar? Manomin Kura ya san cewa shinkafar da za ta yi kyau, tun daga wurin renon iri ake gane ta. Idan aka bar reno babu ruwa babu kulawa, duk kyan filin da aka gyara don dashe, aikin banza ne. Firamare ita ce wurin renon, kuma a nan ne ba a tanadi mai kula da waɗannan yara ba.

A wasu ƙasashen, irin su Amurka, akan ɗauki malamai na musamman a firamare don masu baiwa, kuma idan aka matse kasafi su ake fara sallama, iyaye su yi ta kokawa. A nan ba mu ma kai ga samun wanda za a sallama ba. Malamin aji, wanda Manufar Ilimi ta ce ya riƙe ɗalibai 35, sau da yawa yana fama da ninkin hakan ko fiye. Wanda ke ƙoƙarin sa yara tamanin su yi shiru, ba shi da sararin da zai zauna da guda ɗaya da ya yi wa saura nisa. Abin da yakan yi shi ne ya naɗa shi monita, ya riƙa rubuta sunayen masu surutu. Ko a kuɗin hukumar UBEC, wadda dokar 2004 ta ba ta kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, kason da aka daɗe ana ware wa ilimi na musamman kashi biyu ne kacal na wannan kuɗi, kuma masu buƙata ta musamman ma bai ishe su ba, balle a yi zancen masu baiwa.

Ma'aikatan da suka fi kusa da wannan aiki su ne jami'an tallafa wa makarantu da ke ƙarƙashin ofishin Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma. Shirin ESSPIN, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyinsa a jihohi shida ciki har da Kano daga 2008 zuwa 2017, shi ne ya ƙarfafa wannan tsari. Akan ba kowane jami'i rukunin makarantu, ya riƙa zagayawa, ya zauna a aji ya ga yadda ake koyarwa, ya ba malami shawara, ya kai rahoto. Irin wannan jami'i shi ne zai iya lura cewa akwai wata yarinya a aji huɗu da ta fi ƙarfin darasin da ake ba ta, ya faɗa wa hedimasta, ya je ya ga mahaifinta.

Sai dai aikinsa da man babur yake tafiya, kuma a nan ne yankan kasafi ke shigowa ba tare da an yi shela ba. Kafin cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Yau ta ninka sau da yawa. Duk kuɗin gudanarwar da bai tashi daidai da wannan ba, an yanke shi ke nan, ko da lambar da ke cikin kundin kasafi ba ta canza ba. Albashi dole a biya, gini kuma ana ganinsa, ana yanka masa ƙyalle. Kuɗin zirga-zirga da horo da takardun gwaji su ne marayun kasafi, su ake fara jinkirtawa idan kuɗi ya yi ƙaranci. Masu ba da tallafi daga waje, waɗanda suka saba toshe wannan giɓi, su ma suna janyewa. A watan Fabrairun 2025 Birtaniya ta sanar da rage tallafinta ga ƙasashen waje daga kashi 0.5 zuwa 0.3 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasarta, kuma a shekarar ce Amurka ta rufe hukumar USAID. Wanda ya dogara da rancen maƙwabci don cefane, ranar da maƙwabcin ya rufe ƙofa sai ya kwana da yunwa.

A yankin noman rani, asarar ta fi sauri. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka shimfiɗa magudanan da suka ratsa Bunkure da Garun Malam da Kura, aikin gona ba ya yankewa a wannan yanki. Ana gama shinkafa a shiga tumatir da albasa da alkama. Kullum akwai dashe, akwai korar tsuntsu, akwai tsinkar tumatir, kuma ana biya a hannu kafin magariba. Yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa da ke zaune a aji ana maimaita masa abin da ya sani tun bara, shi ne zai fara gundura. Mahaifinsa kuma zai ga cewa yaron nan ya iya lissafin buhu da kwando fiye da manya, sai ya ja shi kasuwa. Yarinya kuma ta koma talla ko taya turara shinkafa, daga nan sai zancen aure. Babu wanda ya yi mugunta a cikinsu. Makaranta ce ba ta nuna masu wani abu da ya fi kuɗin yini ba.

Abin takaicin shi ne wannan yanki yana buƙatar waɗannan ƙwaƙwale. Magudanan ruwa na Hukumar Kogunan Hadejia da Jama'are suna buƙatar injiniyoyi. Tashar binciken noman rani ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kadawa tana buƙatar masana. Ƙwarin da ya cinye gonakin tumatir a 2016, wanda manoma suka laƙaba wa suna sharon, ba a yaƙarsa sai da ilimi. Yaron da ya tashi a bakin kanal ya fi kowa cancantar ya zama masanin da zai magance waɗannan matsaloli.

Wani zai ce, jihar da ke da ɗaruruwan dubban yaran da ba sa zuwa makaranta, da ajujuwan da rufinsu ya yaye, ina ta ga ta kula da 'yan tsirarun da suka riga suka iya? Wannan magana tana da nauyi, kuma ba mu ce a ɗebe kuɗin kujera a ba masu baiwa ba. Amma ma'aikacin da zai gano yaron da ya yi gaba, shi ne dai zai gano wanda aka bari a baya. An ga haka a shirin KaLMA da aka gwada a Wudil da Dawakin Tofa, inda ake gwada yara a raba su rukuni-rukuni gwargwadon abin da suka iya, maimakon gwargwadon ajinsu. Gwaji ɗaya ne, malami ɗaya ne, kowa kuma ya amfana. Sannan watsi da haziƙin ɗan talaka ba ya kawo daidaito, domin ɗan mai kuɗi zai samu kulawarsa ko da gwamnati ko babu.

Don haka muna kira ga hukumar SUBEB da shugabannin ƙananan hukumomin Kura da Bunkure su ware kuɗin zirga-zirgar jami'an tallafa wa makarantu a layinsa na daban cikin kasafi, a riƙa sakinsa wata-wata, a kuma bayyana wa jama'a nawa aka saki. Hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024 a kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi ya ƙara ɗora masu wannan nauyi. A kowane rukunin makarantu a zaɓi malami guda, a ba shi horo a Sashen Ilimi na Musamman na Jami'ar Bayero, a ƙara masa alawus, ya riƙa zama da waɗannan yara sau biyu a mako da littattafan da suka dace da su. A yi gwajin karatu da lissafi a aji huɗu, da Hausa, don kada Turanci ya ɓoye basirar yaro, a kuma tabbatar 'yan mata da ɗaliban Islamiyya sun shiga. Waɗanda suka yi fice, ƙaramar hukuma ta biya masu rajistar jarrabawar Suleja da kuɗin mota, ta kuma bi sawunsu har su zauna jarrabawar makarantun kimiyya.

Al'umma ma tana da rawar takawa. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, da masu injinan casar shinkafa, da dillalan tumatir, za su iya tallafa wa kwamitocin kula da makarantu da littattafai ko kuɗin jarrabawa. Amma wannan ƙari ne, nauyin yana wuyan gwamnati. 'Yan majalisar da ke wakiltar yankin su kuma, idan aka zo kare kasafi, kada su tsaya kan yawan ajujuwan da za a gina. Su tambayi nawa aka ware wa mutanen da za su shiga ajujuwan su duba yaran, nawa kuma aka saki bara.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Waɗanda suka kafa Dawakin Kudu da Dawakin Tofa sun yi hangen nesa, jihar na cin moriyarsa har gobe. Abin da ya rage wa shugabannin yau shi ne su biya kuɗin man babur da alawus ɗin malamin da zai kai ɗan Kosawa da 'yar Gafan bakin waɗannan makarantu.