Banza Ba Ta Kai Zomo Kasuwa: Jan Kunne a Kan Wasannin Waya

'Yan'uwa, akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin iyaye cikin ikkilisiyoyinmu na Jega da Aliero da Maiyama, har zuwa garuruwa irin su Jiga Makera, wato maganar wasan bidiyo, wanda yara ke kira gem. Waɗansu iyaye sun ce a hana shi ɗungum, domin aikin banza ne. Waɗansu kuwa sun ce a ƙyale yaro, ai wasa ne, gara ya zauna a gida da waya a hannu da ya shiga yawon dare. A ganinmu, duka ɓangarorin nan biyu sun yanke hukunci tun ba su ga abin da ake shari'a a kansa ba. Gem ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda aka ƙera domin a yi wasa, akwai kuma wanda aka ƙera domin a tatsi aljihu, kuma wajibi ne uba da uwa su iya bambance su.

Bari mu fara da wanda yawancinmu muka sani. Kamfanin Electronic Arts na Amurka ya fitar da wasan ƙwallon ƙafa na FIFA a 1993, kamfanin Sony na Japan ya fitar da na'urar PlayStation a watan Disamba na 1994, kamfanin Konami kuma ya zo da nasa wasan ƙwallon wanda daga baya aka san shi da Pro Evolution Soccer. Daga nan ne shagunan gem suka bazu a garuruwanmu: talabijin, benci, janareta, yaro ya biya kuɗin wasa ɗaya, ya kara da abokinsa, wanda ya fi iyawa ya ci. Ba mu ce shagon gem ba shi da aibi ba. Yana cinye lokacin karatu, kuma akwai inda samari ke ɗora kuɗi a kan wasan. Amma cinikin a fili yake. Yaro ya san abin da ya biya, ya san abin da zai samu, in kuɗinsa ya ƙare ya tashi ya ba wani wuri.

Abin ya soma sauyawa ne a 2009, lokacin da Electronic Arts ya ƙara wani sashe a cikin FIFA mai suna Ultimate Team. A wannan sashe ba a ba ka ƙungiya a shirye. Kai za ka haɗa taka da katunan 'yan wasa, katunan kuwa suna zuwa a cikin ƙunshi rufaffe. Kana iya tara ladan wasa sannu a hankali ka sayi ƙunshin, ko kuwa ka biya da kuɗin gaske nan take. Sai ka biya ka buɗe kafin ka san wanda ke ciki. Mai yiwuwa shahararren ɗan wasa ne, amma galibi waɗanda ba ka da bukata ne. Da kamfanin ya fara bayyana lissafin sa'ar a 2018, sai aka ga cewa damar samun waɗansu manyan katunan ba ta kai ɗaya cikin ɗari ba. Wane ne a cikinmu zai shiga kasuwar Jega ya biya kuɗin buhu a ɗaure, mai kaya ya ce masa watakila shinkafa ce a ciki, watakila ƙaiƙayi, sai ka je gida ka gani?

Duk da haka cinikin ya karɓu ƙwarai. A shekarar kuɗi ta 2021, kamfanin ya ba da rahoton cewa sashen Ultimate Team na wasanninsa ya kawo masa dala biliyan 1.62, kusan kashi 29 cikin ɗari na dukan abin da ya samu. Wani abin lura kuma, kowace shekara sabon wasa ke fitowa, katunan bara kuwa ba sa bin mutum zuwa na bana, sai ya sake tarawa daga farko. Ko da kamfanin ya rabu da hukumar FIFA ya sauya wa wasan suna zuwa EA Sports FC a 2023, tsarin ƙunshin bai tafi ko'ina ba. Shi ma Konami a 2021 ya mai da wasansa eFootball, ya ce kowa ya ɗauka kyauta, kuɗin yana can ciki. Haka Free Fire wanda ya fito a 2017, da PUBG Mobile na 2018. Waɗannan ba sa bukatar shago ko janareta. Wayar uwa ta isa, a cikin ɗaki, bayan kowa ya yi barci. Magabata sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanin da ya kashe miliyoyi ya ƙera wasa sa'an nan ya ba ɗanka kyauta, ya riga ya lissafa inda zai fanshe.

To, yaya ake fanshewar? A nan ne ya kamata mu natsu, domin dabarar tsohuwa ce. Wani masanin halayya Ba'amurke, B. F. Skinner, ya yi shekaru yana gwaji da beraye da tantabaru. Ya lura cewa in tantabara tana samun tsaba duk lokacin da ta caki maɓalli, da an tsai da tsabar ba ta daɗewa sai ta daina. Amma in tsabar tana zuwa ba tare da an san lokacinta ba, yau a caka ta uku, gobe a ta ashirin, to, tantabarar za ta yi ta caka ba ji ba gani, ko an daɗe ba a ba ta kome ba. A kan wannan hali ne injin caca yake tsaye, a kansa kuma aka gina ƙunshin kati. Shi ya sa ba a nuna wa yaro abin da ya samu kai tsaye. Sai an kunna fitilu, a nuna tutar ƙasar ɗan wasan, a nuna matsayin da yake bugawa, a nuna kulob ɗinsa, zuciyar yaro tana dukan uku-uku, sa'an nan a bayyana. In bai dace ba, ai saura kaɗan ne, bari ya sake.

Akwai sauran dabaru. Ba a rubuta farashi da naira. Sai ka fara sayen kuɗin wasan, ko tsabar zinariya ko lu'ulu'u, da shi kuma za ka yi saye, don haka yaro ba ya jin zafin abin da ya fita daga aljihu. Ana ba da 'yar kyauta ga wanda ya leƙa kowace rana, wanda ya yi fashi kuwa ta wuce shi. Ana sa agogo a jikin kaya, a ce nan da awa kaza za a janye. Gasar ƙarshen mako da aka soma a FIFA a 2016 ta bukaci wasa 40 tsakanin Juma'a da Lahadi, kafin a rage yawansu daga baya. Ko da minti 15 kowane wasa yake ci, awa 10 ke nan. Duk malamin Makarantar Lahadi da ya ga saurayi yana gyangyaɗi a benci, ya san inda waɗansu daga cikin awoyin nan suka fito.

Adalci ne mu ji ta bakin masu wasannin. Sun ce ba caca ba ce, domin ba a tilasta wa kowa saye, kowane ƙunshi kuma akwai wani abu a ciki, ba kuwa a mai da katin kuɗi a hannun kamfani. A 2019 wata jami'ar Electronic Arts ta gaya wa wani kwamitin majalisar dokokin Birtaniya cewa su abin ba-zata suke ɗaukarsa, kamar alewar yara mai abin wasa a ɓoye. Hukumomin duniya ma bakinsu bai zo ɗaya ba. A watan Afrilu na 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce irin wannan ƙunshi caca ne, har kamfanin ya daina sayar da kuɗin wasan a ƙasar a farkon 2019. A Holan an ɗora masa tarar da za ta iya kai yuro miliyan 10, amma a watan Maris na 2022 babbar kotun ƙasar ta soke tarar, ta ce ƙunshin wani yanki ne na wasan gwaninta. Ostareliya kuwa tun watan Satumba na 2024 take sa wa irin waɗannan wasanni alamar cewa ba su dace da 'yan ƙasa da shekara 15 ba.

Lauyoyi suna iya ci gaba da muhawara a kan suna. Mu iyaye abin da ke gabanmu shi ne halin da ake koya wa yaro. Yaron da ya saba tun yana shekara goma ya ba da kuɗi ya jira sa'a, ya faɗi ya sake, ya ɓoye wa uwarsa abin da ya kashe, ranar da ya kai shekara goma sha takwas ba sai an nuna masa hanyar shagon cacar ƙwallo ba. Sa'an nan ba kullum ne kamfanoni ke da hannu mai tsabta ba. A watan Disamba na 2022 kamfanin Epic Games, mai wasan Fortnite, ya yarda ya biya dala miliyan 520 bayan hukumar ciniki ta Amurka ta tuhume shi, miliyan 245 daga ciki don a mayar wa mutanen da aka ja su suka yi sayen da ba su yi niyya ba, har da yaran da suka ci kuɗin iyayensu ba da izini ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 da sa kamuwa da wasan bidiyo cikin jerin cututtuka, ko da yake ta ce kaɗan ne daga cikin masu wasa abin ke kamawa. Ƙasar Sin a 2021 ta taƙaita wa yara wasan intanet zuwa awa uku a mako.

A nan gida nauyin ya fi yawa, domin da dala ake yanke farashin kayan nan. Kafin watan Yuni na 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a watan Fabrairu na 2024 ta haura naira 1,500. Abin da yaron Turai zai saya da kuɗin alewa, a wurinmu guminsa na manomin albasa ne a fadamar Aliero, ko na uwar da ta wuni tana suya a bakin tasha, ko kuɗin makarantar ƙane. A watan Nuwamba na 2024 Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke cewa ikon tsara caca na jihohi ne, saboda haka muna kira ga majalisar dokoki a Birnin Kebbi ta duba wannan sabuwar ƙofa da ta buɗe a cikin waya. A kan ƙin caca bakinmu ɗaya ne da maƙwabtanmu Musulmi, 'ya'yanmu da nasu kuma benci ɗaya suke zama.

Amma doka tana da nisa, gida kuwa yana kusa. Na farko, uba ko uwa su zauna kusa da yaro ya nuna musu wasan da yake yi. Ba kunya ba ce babba ya tambayi yaro. Tambaya ɗaya ta isa: a cikin wasan nan, akwai abin da ake biya kafin a san mene ne? In akwai, a nemi wani. Na biyu, kada a bar lambar katin banki a cikin wayar da yaro ke taɓawa, a kuma shiga Play Store a sa waya ta riƙa neman lambar sirri kafin kowane saye. Na uku, a yanka wa wasa lokaci, waya kuma ta kwana a ɗakin iyaye. Na huɗu, Zumuntar Mata da shugabannin matasa su ware zama guda a kan wannan magana, a gayyato saurayin da ya san wasan ya yi bayani. Yaron da aka riga aka ci kuɗinsa kuwa, a ja shi a jiki. In aka fara da bulala, gobe zai ƙara iya ɓoyewa ne kawai.

Ba mu ƙi wasa ba, kuma ba yau muka san wasa mai kyau ba. Tun kafin a haifi uwar mai sabulu balbela take da farinta. Ga dara, wadda dattawanmu ke yi a gindin bishiya, wadda littattafan wasanni na ƙasashen waje ke dangantawa da Dakarkari na ƙasar Zuru. Gurbi 30 a ƙasa, kowane mutum da 'ya'ya 12, wanda ya jera uku ya ɗauke ɗaya na abokin karawarsa. Ba abin da ke ɓoye, mai kuɗi ba ya sayen ƙarin ɗa, in an tashi kowa ya san dalilin da ya sa aka ci shi. Wannan shi ne ma'aunin da za mu auna kowane gem da shi. A Legas kamfanin Maliyo Games yana ƙera wasannin waya da labarun gida tun 2012, a Kamaru kuma Kiro'o Games ya fitar da Aurion a 2016. A Aliero muna da jami'ar kimiyya da fasaha tun 2006, 'ya'yanmu suna karanta kwamfuta a cikinta. Muna roƙonsu su dubi dara da langa da kamun kifin Argungu, su ƙera mana wasan da za a faɗi farashinsa a fili da naira, uba ya biya sau ɗaya, ya kuma zauna ya kara da ɗansa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba mu hikimar renon 'ya'yan da ya danƙa a hannunmu. Amin.