KAYAN AIKI: Canon G7 X, 'yar kyamarar da ta rikita matasa

 A 'yan watannin nan babu tambayar da ta fi yawa a cikin saƙonnin da ku ke aiko mana kamar ta 'yar kyamarar nan Canon G7 X. Wani ya ce ya shekara ya na tari, shin ya saye ta ya fara shirya fim? Wata ta ce hotunan da ta ke gani a Instagram ne su ka tsone mata ido, har ta na tunanin sayar da wayar ta ta yi ciko. Wasu kuma su biyar ne su ka yi karo-karo a unguwa, su na son fara wasan barkwanci a YouTube. To, tunda magana ce ta kuɗi, kuma kuɗin ba na wasa ba, bari mu baje ta a faifai kowa ya gani.

Amsar a taƙaice ita ce: wajen ɗaukar hoto da gajeren bidiyo, wannan kyamara gwana ce. Amma ba a yi ta don shirya fim ba. Wanda ya fahimci wannan zai more kuɗin sa, wanda bai fahimta ba zai yi cizon yatsa.

Wace ce ita?

Kamfanin Canon na ƙasar Japan ne ya ƙera ta. Ta farko ta fito a 2014, sai Mark II a 2016, sannan Mark III a 2019, wadda a kan ta za mu fi yin magana. Ta na cikin ajin ƙananan kyamarori masu shiga aljihu, waɗanda idon su a manne ya ke, ba a cirewa a sauya wani, amma an ba ka damar sarrafa haske da saiti da hannun ka kamar yadda ƙwararru ke yi. Kamfanin Sony ne ya farfaɗo da wannan fage a 2012 da kyamarar sa RX100, sai Canon ya biyo sahu.

Nauyin Mark III gram 304 ne, har da batir da memori. Lokacin da ta fito dala 749 aka sa mata a Amurka. Amma a 2023 da 2024 sai 'yan matan TikTok na Turai da Amurka su ka yi mata caa, ta yi wuyar samu a kantuna, har ta kai ana sayar da ta hannu fiye da kuɗin sabuwa. Daga can ne zazzaɓin ya iso mana.

Inda ta yi zarra

Abu na farko shi ne farantin da ke kama haske a cikin ta, wanda masu sana'a ke kira sensa. Girman sa milimita 13.2 ne a tsawo, 8.8 a faɗi, wato ya ninka na ƙananan kyamarorin dijital ɗin da aka saba zuwa biki da su kusan sau huɗu. Abin kamar tarar ruwan sama ne: mai baho ya fi mai kofi samu. Shi ya sa a falo ko da magariba hoton ta ba ya yin yashi-yashi da wuri. Megafiksel 20.1 gare ta, ya isa a buga fosta madaidaiciya ba tare da fuska ta farfashe ba. Kada yawan megafiksel ɗin da ake rubutawa a kwalin waya ya ruɗe ku, girman farantin ya fi yawan lambar tasiri.

Na biyu, idon ta. Ya na tashi daga 24 zuwa 100, wato zum ninki huɗu da ɗoriya, kuma zum na gaske, gilashi ne ke motsi. Ba irin na wasu wayoyi ba ne da ke yanko tsakiyar hoto su hura shi. Buɗewar idon kuma daga f/1.8 ne zuwa f/2.8. A nan ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa, haske ya fi shiga. Idan ka jawo zum ɗin zuwa ƙarshe ka tsayar da mutum nesa da bango, fuskar sa za ta fito raɗau, bayan sa ya ɗan dusashe, irin hoton bangon mujalla.

Na uku, kuma shi ne sirrin duk wannan hayaniya: filasha. Fitilar da ke bayan waya 'yar tocila ce kawai. Ta wannan kyamara kuwa walƙiya ce ta gaske mai tashi sau ɗaya da ƙarfi, ta daskarar da motsi, ta fito da ƙyallin leshi da shadda da sarƙa. Hotunan dina da na kamu da ku ke gani fata na sheƙi, baya ya yi duhu, yawanci aikin wannan 'yar fitila ne. Sai dai ƙarfin ta na 'yan mitoci ne, ba za ta haska zauren taro ba.

Na huɗu, ta san rana. A cikin ta akwai wani tabarau da ake kunnawa ya rage ƙarfin haske, abin da ke da amfani ƙwarai a ranar ƙasar Hausa. Sannan a saman ta akwai ɗan maɓalli na ƙara haske ko rage shi. Kun san matsalar mu: baƙin mutum cikin farar shadda a tsakar rana, kyamara ta bi farin kaya ta bar fuska cikin duhu. Da wannan maɓalli, ko ka ɗaga filasha, nan take ka gyara.

Na biyar, allon ta na ɗagowa sama har ya kalle ka, ka na ɗaukar kan ka ka na ganin kan ka. Ta na ɗaukar bidiyo na 4K, ta na ɗaukar na tsaye irin na TikTok, akwai ramin saka makirufo, kuma ta na tura hoto zuwa waya ta Wi-Fi. Ga mai zuwa lokeshin ya ɗauko bayan fage, ko mai 'yar hira ta minti biyar da jarumi, ko mai tallar kayan kwalliya da atamfa, wallahi ta yi. Ba ta kuma tsorata mutane, domin ba kowa ke sakin jiki ba idan aka auna shi da ƙatuwar kyamara.

Inda ta gaza

To, Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Bari mu leƙa ramukan.

Batir ne na farko. A bisa ƙiyasin kamfanin da kan sa, caji ɗaya hoto 235 ya ke ɗauka. Idan bidiyo ne kuwa, ba a jimawa ya ke faɗuwa. Ka tuna yadda shutin ya ke: tun hantsi har dare, wani lokacin a ƙauyen da babu wutar lantarki. Dole sai ka tanadi batir biyu ko uku. Ana iya yi mata caji ta USB, amma ba kowace caja ko fawa-banki ta ke karɓa ba, sai mai ƙarfi.

Na biyu, zafi. Jikin ta ƙarami ne, babu fanka a ciki, zafi ba shi da hanyar fita. A 4K ba ta kai minti 10 a ɗauka ɗaya, kuma idan ta ɗau zafi sai ta dakata, dole ka jira ta huce. An tsara ta ne ta yi aiki daga digiri 0 zuwa 40, alhali a Kano da Sakkwato da Maiduguri rana kan wuce 40 a watan Afrilu. Ka ƙaddara jaruma ta shiga sin na kuka, hawaye ya zo, sai kyamara ta ce ta gaji. Wa zai dawo maka da wannan hawayen?

Na uku, saitin fuska a bidiyo. Tsarin da ta ke bi wajen nemo fuska irin na lalube ne, ta matsa gaba ta matsa baya har ta dace. A hoto ba matsala. A bidiyo kuwa, musamman idan haske ya yi ƙaranci ko mutum na motsi, za ka ga fuska ta dusashe ta dawo. Kamfanin ya fitar da gyaran manhaja daga baya, abin ya yi sauƙi, amma duk da haka ba ta kamo takwarorin ta na Sony ba a wannan fanni. Waƙa da rawa, inda jarumi ke tahowa ya na komawa, nan ne za ta fi ba ka kunya.

Na huɗu, sauti. Gaskiya ne akwai ramin makirufo, amma babu wurin da za ka ɗora makirufon a saman ta, sai ka sayi wani ƙarfe daban. Babu kuma ramin abin sawa a kunne, saboda haka ba ka jin abin da ka ke naɗa. Sai ka je gaban edita sannan za ka gane iska ce da ƙarar janareta ku ka kwaso.

Na biyar, babu tagar leƙe. Allo kawai gare ta, a tsakar rana kuwa sai ka yi ta kare shi da tafin hannu kafin ka ga abin da ka ke ɗauka.

Na shida, ƙura, wadda ita ce babbar abokiyar gabar ta a nan. Ba a toshe jikin ta don ruwa ko ƙura ba. Duk lokacin da ka kunna, idon ya fito, ka kashe ya koma, kuma wannan shiga da fita kan ja ƙura ciki. A babbar kyamara sai a cire ido a goge farantin. A wannan kuwa sai an kwance ta gaba ɗaya. Idan yashi ya maƙale a idon ya ƙi fita, kyamarar ce dungurungum ta tsaya. Duk wanda ya san hunturun Arewa ya san abin da na ke nufi.

To, batun fim fa?

Ga masu son shirya fim, ku tsaya ku yi lissafi. Fim ba hoto ɗaya ba ne. Ana son kyamarar da za ta wuni a kunne, a sauya mata ido daga na faɗin gari zuwa na kusa da ƙwayar ido, a ji sauti tun a wurin ɗauka. Farantin manyan kyamarori, mai milimita 36 da 24, ya ninka nata fiye da sau bakwai. Sannan akwai manyan wayoyi da ke da faranti mai girma irin nata, ka ga ratar da ke tsakanin ta da waya a bidiyo ba ta kai yadda ake zuzutawa ba.

Kuma mu tuna tarihi. A 1990 da kyamarar kaset aka ɗauki Turmin Danya, daga nan wannan industiri ta ɗora. A 2018 daraktan nan na Amurka Steven Soderbergh ya fitar da fim ɗin Unsane, wanda da wayar iPhone 7 Plus ya ɗauke shi, aka kuma nuna shi a sinima. Ɗan kallo zai iya yafe maka hoton da bai kai ba idan labari ya riƙe shi, amma ba zai zauna ya na kallon bakin da ba ya jin abin da ya ke faɗa ba. Don haka ku 'yan karo-karo, da ku zuba duk kuɗin ku a kyamara ɗaya ku koma ba ku da na mota, gara ku riƙe wayar da ke hannun ku, ku sayi makirufo na maƙalawa a riga, fitila guda biyu, da sandar kafa kyamara mai ƙafa uku. Idan kuɗin ya kai, ku nemi ta hannu cikin masu sauya ido.

Wanda kuma bidiyo ne a gaban sa amma dole sai ƙarama, ya duba Sony ZV-1 ta 2020, wadda ta fi iya bin fuska kuma akwai wurin ɗora makirufo, ko Canon PowerShot V1 ta 2025, wadda aka sa mata fanka a ciki. Sai dai duk biyun babu filasha a jikin su, ka ga kowace da nata ramin.

Idan dai sai ka saya

Yawancin waɗanda ke shigowa nan tokumbo ne, saboda haka a buɗe ido. Da farko ka karanta lambar da ke jikin ta da kyau. Mark II ba ta da 4K, ba ta kuma da ramin makirufo, kada a sayar maka da ita a kuɗin Mark III. Amma idan hoto kawai ka ke so, ita ma ta wadatar. Ka kunna ka kashe sau da yawa, ka saurara ko idon na gurnani ko ya na sarƙewa. Ka jawo zum zuwa ƙarshe, ka tsuke idon zuwa f/11, ka ɗauki farin bango ko sararin sama, sannan ka duba hoton. Idan ka ga ɗige-ɗige masu duhu, ƙura ce a ciki, ka ajiye musu kayan su. Ka gwada filasha, ka ɗaga allo ka mayar, ka naɗi bidiyo na 'yan mintuna ka ga ko za ta tsaya. Memori kuma ka nemi mai sauri, mai alamar U3, ka guji na jabu, domin shi ke cinye wa mutum aikin wuni guda. Bayan ka saya, ka yi mata jaka mai zif, kada ka jefa ta aljihu ɗaya da makulli da ɓawon gyaɗa.

A ƙarshe dai, 'yar'uwa mai son hoton biki da na kwalliya, idan ki na da hali ki saya, ba za ki yi da-na-sani ba, amma kada ki sayar da wayar ki saboda ita, domin ko kin ɗauki hoton da wayar za ki tura shi. Ɗan'uwa mai mafarkin zama darakta, kai kuma ka riƙe kuɗin ka, ka je ka koyi haske da sauti da rubutun labari tukuna. Daidai ruwa daidai tsaki.

A fitowa ta gaba za mu duba ƙananan makirufo marasa waya, waɗanne ne na gaske, waɗanne ne kyan ɗan maciji. Ku ci gaba da aiko da tambayoyin ku.