Wa Zai Biya Ɓarnar Makaniki?

Duk wanda ya san ƙasar nan tamu, daga Kumbotso zuwa Kura da Bunkure da Garun Malam, ya san tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya gangaro gonakin Kadawa, rani ya zama mana kaka ta biyu. Shinkafa tana haƙurin ajiya, albasa ma tana yi. Amma tumatir ba shi da haƙuri ko kaɗan. Kadan aka tsinke shi da safe, lalle ne ya kwana a kasuwa, in ba haka ba ya koma ruwa a cikin kwando. Saboda haka mota ta zama ita ce jakin manomi, makaniki kuwa ya zama likitan jakin.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne, a ranin bana wani tsohon almajirinmu, wanda ya ke tuƙa a-kori-kura yana ɗauko tumatir daga Kwanar Gafan zuwa 'Yankaba, ya ga fitilar baƙin mai tana ƙiftawa a gabansa. Ya kai motar wani gareji, ba sai mun ambaci sunansa ba. Mai garejin ya saurari injin, ya ce lafiya lau ya ke, waya ce kawai ta ke taɓa jiki. Ya taɓa nan ya taɓa can, fitila ta mutu, ya karɓi ladansa, ya ce a tafi ko Ikko ne. Washegari da lodi a kai, ana dab da Gadar Tamburawa, injin ya buga. Da aka buɗe sai ga shi famfon mai ne ya mutu tun tuni, fitilar nan gaskiya ta ke faɗa, aka rufe mata baki. Injin ya tashi aiki, tumatir kuwa na mutane ne, rana ta dafa shi a bakin titi.

Da yaron nan ya zo zaure, mutane suka rabu biyu. Waɗansu suka ce ƙaddara ce, ya bar wa Allah. Waɗansu suka ce ya ɗauko ɗan sanda a kulle mutumin sai ya biya. Mu dai ba mu tare da ko ɗaya. Yafewa alheri ce ga wanda ya ga dama, amma ba a tilasta wa mai bashin injin a kansa ya yafe, imani da ƙaddara kuwa bai taɓa sauke wa mai sakaci biyan ɓarna ba. Zancen ɗan sanda za mu zo kansa.

Malamanmu na mazhabar Maliku ba su bar wannan babi a buɗe ba. A cikin Mudawwana akwai littafi guda a kan lamunin masu sana'a, Risala ta Ibnu Abi Zaidi, wadda ba zauren karatun da ba a biya ta a Kano, ita ma ta kawo hukuncin. Asali wanda aka ba ajiya amintacce ne, ba ya biya sai in ya yi ganganci. Amma aka fitar da mai sana'ar da ya kafa kansa domin jama'a, kamar maɗinki da maƙeri da marini. Kadan ya karɓi kayanka ya shige da su wurinsa, suka ɓace ko suka lalace, shi zai biya ƙimarsu ta ranar da ya karɓa, sai fa in ya kawo shaidun cewa ba da hannunsa ba ne. Dalili kuwa maslahar mutane ce, domin ba wanda zai iya zama ya yi gadin rigarsa a karofi. To, gareji karofin wannan zamani ne. Wanda ya bar motarsa ta kwana, ya dawo ya tarar an musanya masa batir ko an ƙona masa waya, wannan hukunci nasa ne.

Sai dai mas'alar almajirinmu ta fi wannan zurfi, gama motar ba a hannun makaniki ta lalace ba. Ta fita tana tafiya, abin da ya kashe ta magana ce. A nan malamai suka rarrabe tsakanin ruɗi da baki da ruɗi da aiki. Misalin da su ke bayarwa shi ne na maɗinki. Ka nuna masa yadi ka ce, wannan zai ishe ni riga? Ya ce zai isa. Ka saya, bai isa ba. Ba ya biya, domin shawara ya ba ka, kai ka ɗauka. Amma kadan ka ce masa, in zai isa ka yanka, ya sa almakashi ya yanka, bai isa ba, to ya biya, domin maganar ta haɗu da sharaɗi da aiki. Haka mai canji da ya duba maka kuɗi ya ce masu kyau ne, suka fito jabu: in kyauta ya duba, magana ce kawai, in kuwa lada ya karɓa a kan dubawar, lamuni ya hau kansa. Muhtasar na Shehu Halilu kuma ya ɗora lamuni a kan likitan da ya yi magani da jahilci, ko ya sani amma ya gajarta.

Ku duba, ya ku masu mota, inda hukuncin nan ya ke kama mu. Al'adarmu ita ce mutum ya tsaya a gindin bishiya da injin a kunne, ya ce, maigida, ɗan saurara mini wannan ƙara. Ba ciniki, ba lada, ba shaida. Muna ganin mun ci riba, alhali kuwa mun sayar da haƙƙinmu ne a kan kuɗin goro. Duba mota aiki ne mai zaman kansa, ya kamata a yanka masa lada a biya, domin ranar da ka biya, maganar makaniki ta tashi daga hira ta zama alkawari. Almajirin namu ya tsira ta wannan fuska, ya biya, an kuma sa hannu a motar a gaban yaransa biyu.

Amma fa kada a zalunci makanikai. Ba kowane kuskure ne sakaci ba. Akwai ciwon da ya ke ɓuya ko ga gwani, akwai kuma mai motar da za a ce masa famfo ne, ya ce ba shi da kuɗi, a lallaɓa masa, sa'an nan in ta mutu ya zo yana kururuwa. Akwai wanda ya ke zuwa Kofar Ruwa da kansa ya sayo mafi arahar kaya ya ce a ɗaura. Wannan ba shi da abin cewa. Ma'aunin shi ne, me makaniki mai hankali zai yi in an kawo masa irin wannan? Alƙali ba ya sanin cikin injin, masana sana'ar ya ke kira su faɗa masa, kamar yadda a ke kiran magina a kan katangar da ta faɗi. Kowane tsohon makaniki kuwa zai shaida cewa ba a kashe fitilar mai sai an auna ƙarfin man tukuna. Domin haka wanda abin ya sama kada ya yi gaggawar gyara. Ya kira makaniki na biyu ya buɗe a gaban shaidu, ya ɗauki hoto da wayarsa, ya riƙe abin da aka ciro, kada ya bari yara su kai shi ga 'yan gwangwan. Shaida a kan mai ƙara ta ke.

Dokar gwamnati ma ba ta yi nisa da wannan ba. Dokar Tarayya ta gasar kasuwanci da kare masu saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ta kafa hukumar FCCPC. Sashe na 130 ya ba wanda aka yi wa aiki haƙƙin a yi masa shi a kan lokaci, da ingancin da mai hankali zai sa rai, a kuma mayar masa da kayansa ba su fi yadda ya kawo su lalacewa ba. In an gaza, ya nemi a gyara ko a mayar masa da abin da ya dace daga kuɗinsa. Jihar Kano kuma tana da tata hukumar kare masu saye, wadda a ke kai wa kuka.

Saura tumatir. Nan ne mai ƙara zai sha wuya, gara mu faɗa masa tun yanzu. Kuɗin injin abu ne a fili, amma hasarar da ta biyo baya alƙalai suna tsantseni da ita. A Ingila a shekarar 1854 an yi wata shari'a da har yau kotunan Nijeriya su ke bin ƙa'idarta, ta Hadley da Baxendale. Sandar injin niƙa ta karye a garin Gloucester, aka ba masu dako su kai ta inda za a ƙera sabuwa, suka yi jinkiri, injin ya zauna kwanaki ba aiki. Kotu ta hana mai injin ribar da ya rasa, domin ba a nuna an sanar da masu dakon cewa niƙa za ta tsaya sai sandar ta dawo ba. Masu injin shinkafa na Kura su riƙe wannan labari, direbobi ma haka. Ka faɗa wa makaniki da bakinka, a gaban mutane, gobe da asuba zan ɗauki tumatir na mutane.

Ƙofofin neman haƙƙi suna da yawa, sai dai a fara da ta kusa. A sami mai garejin da dattijo ɗaya ko biyu. In ya ƙi, a je ga shugabannin ƙungiyarsu ta NATA, gama makaniki ya fi jin kunyar 'yan'uwansa a kan kowa, sa'an nan su ne masanan da alƙali zai nema in abin ya kai can. Mai unguwa da dagaci suna sulhu, Hisba ma tana yi, Babbar Kotun Kano kuma tun 2009 tana da gidan sulhu inda a ke zaunar da mutane a rubuta abin da suka yarda. Kowane sulhu aka yi a rubuta, da adadi da ranar biya. In an saɓa, ga kotun shari'ar Musulunci, ga kuma kotun ƙananan basussuka da aka buɗe a Kano a 2019, wadda a lokacin buɗe ta aka iyakance ta ga naira miliyan 5, aka kuma shata mata kwana 60 ta gama shari'a, mutum yana iya tsayawa da kansa ba lauya. Ita wannan ta fi dacewa da kuɗin da adadinsa ya riga ya tabbata, kamar wanda aka rubuta a takardar sulhu.

Ɗan sanda kuwa ba ya cikin ƙofofin nan. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana a kama mutum a kan saɓa alkawarin ciniki kawai. In sata aka yi maka, wannan laifi ne, ka kai. Amma wanda ya sa aka kulle makaniki a kan kuskuren aiki, yana iya wayar gari shi ne a gaban alƙali ana neman diyya daga gare shi, ga injin har yanzu a ƙasa.

Muna roƙon shugabannin makanikai na Kumbotso da Kura da Bunkure su sa kowane gareji ya ajiye littafi: ranar da mota ta shigo, kukan mai ita, abin da aka gano, abin da aka ce ya saya ya ƙi. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, da yawansu allo suka fara riƙewa kafin sifana. Littafin nan makaniki zai fi karewa a kan mai mota.

Shi kuwa almajirinmu, an zauna sau biyu. Mai gareji ya amsa rabin kuɗin injin, za a biya kashi uku, na tumatir ya ce bai san da lodi ba, ba kuwa wanda ya iya shaida an faɗa masa. Masu tumatir sun yarda su jira yaron har a yanke shinkafa. Takardar tana hannun mai unguwa, famfon kuma yana nan cikin buhu a zaurenmu sai an cika kashi na uku.