Gardamar bindigar harbin barewa: Ina ruwan 'yan kasuwa?

'Yan uwana 'yan kasuwa, musamman iyayenmu mata masu tuwo-tuwo da masu soya nama a kasuwannin Madawa da Buza da Keita. Kwanakin baya ina zaune wajen mai shayi a tashar Madawa ina jiran mota ta cika, sai gardama ta kaure tsakanin wasu samari a kan wace bindiga ce ta fi dacewa da harbin barewa. Wannan ya ce bindigar toka ta iyaye da kakanni, wancan ya ce kalibar 12, wani kuma ya rage murya ya ce ai duk wasa ne in ba kalashi ba. Har motarmu ta tashi ba su daidaita ba, kuma babu wanda ya tambaya shin barewa nawa suka rage a dajin Adar, ko kuma a tukunyar wa naman zai ƙare. To a tukunyarku zai ƙare, shi ya sa na ce bari in sa baki.

Mu fara da ita kanta bindigar, domin kuwa gardamar samarin ba shirme ba ce. Barewar da muka sani dabba ce ƙarama, nauyinta bai cika wuce kilo 20 ba, ga ta da ido da kunne, ba ta bari a kusance ta. Ita kuwa kalibar 12 ba harsashi guda take fitarwa ba, 'ya'yan dalma ne masu yawa waɗanda ke bazuwa da zarar sun bar bakin bindiga. Idan tazara ta wuce kamar mita 40, ƙarfinsu ya ragu, sai dai su shiga cinya ko ciki. Barewa ta ruga da rauni ta shige kwazazzabo, ta mutu bayan kwana biyu, ungulu ta samu. Maharbi bai ci ba, daji kuma ya yi asara. Bindigar toka ta fi wannan muni, saboda abin da ake ɗura mata bayan albarushi ya haɗa da guntayen ƙarfe da ƙusa da boris ɗin keke, kuma kowa a garuruwanmu ya san wani da ta fashe masa a hannu. Kalashi kuwa, mai harsashi milimita 7.62, an ƙera ta ne don yaƙi. Harsashinta na soja yakan huda dabba ya fice ba tare da ya kayar da ita nan take ba, ya ci gaba da tafiya fiye da kilomita guda, inda wataƙila ɗan kiwo ne ko mai itace ke tsaye.

Turawan da muke ganin sun fi mu son farauta ba su bar wannan magana a hannun 'yan gardamar shayi ba. A Ingila dokar 1991 ta ƙayyade cewa ba a harbin manyan dabbobin dangin barewa da bindigar da faɗin bakinta bai kai inci 0.240 ba, wato wajen milimita 6. A Jamus an hana harbin irin waɗannan dabbobi da harsashi mai bazuwa. Hikimar ita ce dabba ta mutu nan take, kada a azabtar da ita. Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage. A Risala, littafin da almajiranmu ke karantawa a zaure, an yi bayanin cewa abin da maharbi ya tarar da sauran rai sai ya yanka shi, sannan an yi magana a kan abin da aka harba ya ɓace har ya kwana ba a gan shi ba. To Hajiya, idan aka kawo miki ƙyafaffen nama a buhu da asuba, wa ya shaida miki cewa ba a kwazazzabo aka tsince shi ba bayan kwana biyu?

Amma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne dalma. Har yanzu ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma daga wajen haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Ban ce naman farauta zai yi irin wannan kisa ba, yawan gubar ba ɗaya ba ne. Sai dai dalmar ita ce dai dalmar. Idan harsashi ya bugi ƙashi yakan farfashe, ya bar ɓurɓushin da ido ba ya gani a cikin tsoka. Kin cire ƙwaya biyu ko uku da wuƙa kin zaci kin gama, alhali saura na nan. Wuta ba ta kashe ta, kuma dafa nama da abu mai tsami na ƙara narkar da ita cikin romo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani mizanin dalma a jikin mutum da aka san ba ya cutarwa, kuma ƙananan yara da masu juna biyu ta fi yi wa illa, domin ƙwaƙwalwa take taɓawa. Yaro ba zai faɗi a gabanki ba, sai dai a ga karatu ya gagare shi a ce ba ya da kai. Saboda haka ne jihar Kalifoniya ta Amurka ta hana farauta da harsashin dalma gaba ɗaya tun 2019.

Yanzu mu koma ga ita barewar. Dattawan Tamaske da Ibohaman za su gaya maka cewa a dā ana ganin ta daga bayan gari. Farin 1973 da na 1984, wanda muke kira El Buhari, sun cinye daji, gatari da garma suka ƙarasa saura. A 1984 ɗin ne aka fara furojen Keita da taimakon Italiya, kuma duk wanda ya san aikin ya san mata ne suka ɗauki mafi yawansa a ka. Su suka kwashi duwatsu a tsakar rana, suka haƙa ramuka a kan fako, ana biyansu da abinci, har aka dasa miliyoyin itatuwa. Haka a kwarin Majiya ta wajen Buza, inda tun 1975 aka fara jera layukan dogon yaro don kare gonaki daga iska. Idan yau zomo da zabon daji suna samun wurin fakewa a waɗannan wurare, gumin iyayenmu mata ne. Ni dai ina ganin rashin kunya ne wani ya zo da babur da fitila cikin dare ɗaya ya share abin da aka yi shekara 40 ana rainonsa.

Kada wani ya ce dabba ba ta ƙarewa. Mariri ya taɓa cika arewacin ƙasar nan, amma a shekarar 2000 aka bayyana cewa babu sauransa a daji ko'ina a duniya, sai da aka ɗauko waɗanda ake kiwo a ƙasashen waje aka sake su a Chadi a 2016. Raƙuman dawa ma sai a 2018 aka ɗebo su a mota daga yankin Kure aka mayar gandun Gadabeji da ke maƙwabtaka da mu a jihar Maraɗi. Ka ga abin da harsashin 'yan ɗaruruwan sefa ya kashe, sai an kashe miliyoyi kafin a dawo da shi.

Ba faɗa nake yi da maharban gado ba. Farauta halal ce, kuma sana'a ce mai sarauta da ladubba. Maharbin ƙwarai ba ya taɓa mai ciki ko mai shayarwa, ya san lokacin da ake barin daji ya huta, kuma sau da yawa shi ne ke rakiyar gari idan ɓarayi sun matsa. Ita ma dokar farauta ta 1998 ba ta rufe ƙofa ba, ta tanadi takardar izini da lokacin buɗewa da na rufewa. Wanda ya mallaki takardarsa yana neman zabo ko zomo daga kusa, kalibar 12 ta ishe shi. Barewa kuwa, a ra'ayina, babu bindigar da ta dace da ita a Adar a halin da ake ciki, ko ta toka ko ta Turai.

Akwai kuma 'yan uwana masu shaguna da ke sayar da harsashi ta ƙarƙashin tebur suna ganin 'yar riba ce. Tun bayan rushewar Libiya a 2011 makamai suka cika yankin nan, kuma mutanen Bangi da ƙauyukan bakin iyaka sun san abin da 'yan bindiga ke yi wa mai dawowa daga kasuwa. Wanda ya ce maka na barewa yake so, ba ka da hanyar sanin inda zai harba shi. Wataƙila motar albasarka ce za ta ci karo da shi a hanya.

Na san za a ce mai saye ke nema, naman daji na da farin jini, kuma mai tuwo tana da bakuna a gida. Gaskiya ne. Amma maharbin dare ba ya ƙona man babur sai don ya san akwai mai karɓa da safe. Idan matan kasuwar Tunfafi da na Buza da na Keita suka haɗa baki ta hannun shugabanninsu cewa ba sa karɓar naman barewa, cinikin ya mutu kafin ma'aikatan gandun daji su tayar da mota. Wadda kuma aka kawo wa zabo ko zomo na halal, ta tambayi da me aka harbe shi da yaushe. In da dalma ne, ta yanke naman da ke kewaye da raunin da yalwa ta zubar, kada ta dafa shi da tsami, kuma kada ta zuba wa yaro ko mai ciki ko da romon ne.