Allurar Peptide da Zafin Arewacin Ghana

Ana tallata allurar peptide mai suna BPC-157 a intanet, wai tana haɗa jijiya, tana kuma kashe ciwo. Yawancin gwajinta a kan ɓeraye aka yi, kuma WADA, hukumar yaƙi da amfani da ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni, ta haramta wa 'yan wasa ita tun 2022.

Damuwarmu ta fi ƙarfi kan ajiya. Insulin da oxytocin, waɗanda likitoci suka amince da su, peptide ne, zafi yana lalata su. A Bawku, Yendi da Salaga kuwa, zafin Maris yana kai digiri 40. To, ina ga kwalbar BPC-157 da ta kwana a jakar ɗan tireda?

Kamata ya yi hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana (FDA) ta faɗaɗa bincike zuwa shagunan magani na garuruwan nan, ta kuma yi gargaɗi a rediyo da Hausa, Dagbani, Gonja da Kusaal.