Sabuwar Safar Hannu Kafin A Rufe Ciki

Idan zazzaɓin taifot ya huda hanjin yaro, galibi a mako na biyu ko na uku da kwanciyarsa, ƙazanta kan malale cikinsa, ba kuwa abin da zai cece shi sai tiyatar gaggawa. Likita ya ɗinke hanji, iyaye su yi hamdala, amma bayan 'yan kwanaki sai bakin yankan ya kumbura yana zubar da mugunya, wani lokaci har ɗinkin ya warware. Ga doguwar jinya, ga kuɗin magani a kan magidancin da ya riga ya sayar da akuyarsa.

A shekarar 2022 aka bayyana sakamakon wani bincike da aka yi a ƙasashe bakwai, har da Nijeriya da Ghana da Benin, a kan majinyata fiye da 13,000. Inda ma'aikata suka canza safar hannu da kayan aiki kafin rufe ciki, masu ruɓewar miki sun sauko daga wajen kashi 19 cikin ɗari zuwa 16. Dalilin a fili yake: hannun da ya dama ƙazantar hanji shi ne zai kai ta bakin yanka.

Saboda haka wajibi ne ma'aikatun lafiya na jihohi su tanadi isassun safar hannu, da faranti na biyu na kayan ɗinki da aka dafa, a kowane ɗakin tiyata. Haka kuma allurar kashe ƙwayoyin cuta ta kasance a ajiye, a yi ta kafin wuƙa ta taɓa fata, ba sai dangi sun dawo daga kemis da tsakar dare ba.