Gidan katako: a lissafa hayaƙi, a lissafa kuɗi

A shekarar 1994 injiniya Gerhard Schickhofer ya kammala digirin digirgir a jami'ar fasaha ta Graz, ƙasar Austiriya. Ya yi nazarin yadda ake manna faifan katako hawa-hawa, kowane hawa ya giciye na ƙasansa, har ya zama bangon da zai ɗauki nauyin bene. Zuwa 2009 an kammala bene mai hawa tara a unguwar Hackney ta Landan, takwas daga ciki da irin wannan katako. Ana yanka bangon a masana'anta, da ramin taga da na wayar lantarki a shirye, sai mota ta kawo, ƙugiya ta ɗaga, ma'aikata su ɗaure.

Dalilin rububin irin wannan gini a fili yake. Siminti kaɗai na fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon ta duniya, shi kuwa busasshen katako kusan rabin nauyinsa kabon ne da bishiya ta tsotso daga iska.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake tallata rabin labari. Kabon ɗin nan na zaune a bango ne muddin gidan na tsaye. Ranar da aka rushe shi aka ƙone katakon, kabon ya koma sama. In kuma ba a sake dasa dajin da aka sare ba, an ci bashi ne kawai. Ga kuma maganar kuɗi. Kamfanin Katerra na Amurka ya samu jarin da ya haura dala biliyan 2, ya gina masana'antar irin wannan katako a jihar Washington, amma ya durƙushe a 2021. Masana'anta ba ta jiran kwangila; ko da aiki ko babu, tana cin albashi da wuta.

Shi ya sa nake ganin ɗaliban digirgir da ke zama su auna kabon da kuɗin gini a takarda ɗaya sun fi masu ɗaukar hoton dogayen benaye amfani. Ya kamata jami'o'i su dage kowane irin wannan bincike ya bi katakon tun daga gandun daji, ya saka kuɗin sufuri, inshorar gobara da gyaran ruɓewa, har zuwa ranar rushe gidan.